Sergei Shchukin: Ɗan kasuwar yadin da ya tallafi Matisse da Picasso, daga baya aka shafe sunansa

A gidan tarihi na Hermitage da ke birnin St Petersburg na ƙasar Rasha akwai wani zane da faɗinsa ya kusa mita huɗu, tsayinsa kuma ya ɗara mita biyu da rabi. Mutum biyar ne a jikinsa, jajaye wur, sun kama hannun juna suna zagaye a kan koren tudu, shuɗin sama na bayansu. Sunan zanen La Danse, wato Rawa, kuma da wuya a buɗe littafin tarihin zanen zamani ba a ci karo da shi ba.

Duk mai sha'awar wannan fanni ya san cewa Bafaranshen nan Henri Matisse ne ya zana shi a 1910. Abin da mutane ƙalilan suka sani shi ne wanda ya ba da aikin, ya biya kuɗinsa, ya kuma rataye shi a gidansa a lokacin da birnin Paris ke yi wa zanen dariya. Mutumin shi ne Sergei Ivanovich Shchukin, wani attajirin Mosko da sana'arsa ita ce sarin yadi.

Cikin ƙasa da shekara 20 Shchukin ya tara zane sama da 250 na masu zanen da a zamaninsu ake yi wa kallon marasa kan gado. A ciki akwai 13 na Claude Monet, 16 na Paul Gauguin, takwas na Paul Cézanne, kusan 40 na Matisse da kusan 50 na Pablo Picasso. Daga baya hukuma ta ƙwace su baki ɗaya, aka kulle su a ɗakunan ajiya, sunan mai su ya ɓace na tsawon shekaru masu yawa.

Yaron da ba a sa wa rai ba

An haifi Shchukin a Mosko a 1854, ɗaya daga cikin 'ya'ya goma na Ivan Vasilievich Shchukin, wanda ya gina ɗaya daga cikin manyan kamfanonin sarin yadi a daular Rasha. Mahaifiyarsa 'yar gidan Botkin ce, attajiran da suka yi suna a fataucin ganyen shayi, kuma gida ne da aka sani da son ilimi da tara kayan fasaha.

Sergei ya tashi yaro mai yawan laulayi, ga shi da i'ina mai tsanani. Saboda haka aka daɗe ana koyar da shi a gida yayin da 'yan'uwansa maza ke makaranta. Da ya girma aka tura shi Jamus neman maganin i'inar, ya kuma yi karatun kasuwanci a garin Gera. I'inar ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa, sai dai ta yi sauƙi.

A 1878 ya shiga kamfanin mahaifinsa. Nan aka gane cewa yaron da ake tausaya wa ya fi duk 'yan'uwansa kan ciniki. Da mahaifin ya rasu a 1890, shi ne ya karɓi ragamar kamfanin duk da cewa yana da yayye maza. Abokan hamayyarsa a kasuwa sun laƙaba masa Beguwa saboda wuyar taɓawa, wasu kuma na kiransa ministan kasuwanci.

Kamfanin yana sayen yadi daga masaƙu ya rarraba shi a faɗin Rasha har zuwa yankin Caucasus da tsakiyar Asiya da Farisa. Shchukin da kansa yake zaɓen launuka da adon da za a buga a jikin yadin. Wanda ya san wannan sana'a ya san cewa ribarta na ga iya hango abin da idon mai saye zai so baɗi, tun yana ƙinsa bana. Da wannan idon ya shiga harkar zane.

Daga kantin yadi zuwa shagunan Paris

Tara kayan fasaha ba baƙon abu ba ne a wajen 'yan kasuwar Mosko na wancan zamani. Masu sarauta na raina su a matsayin masu kuɗin da ba su da asali, su kuwa suna gina asibitoci da gidajen wasan kwaikwayo da gidajen tarihi. Pavel Tretyakov, wanda shi ma ɗan kasuwar yadi ne, ya bai wa birnin Mosko tarin zanensa kyauta a 1892. A gidan su Shchukin ma, Pyotr na tara kayan tarihin Rasha, Dmitri na tara zanen tsofaffin gwanayen Holand, Ivan kuwa ya tare a Paris yana sayen zanen Sifaniya.

Sergei ne ya fi jinkirin farawa. Ya haura shekara 40 kafin ya soma sayen zane da gaske, kuma da farko abubuwan da kowa ya yarda da su yake saye. A ƙarshen shekarun 1890 ya sayi zanen Monet na farko, wanda ke nuna furanni cikin hasken rana. Monet na cikin masu zanen da suka bar ɗakin aiki suka fita fili suna bin yadda haske ke sauya launin abubuwa, suna shafa fenti ɗigo-ɗigo ba tare da goge shi ya yi sumul ba. A Faransa an fara sabawa da su a lokacin, amma a Rasha abin sabo ne fil.

Daga nan ya riƙa matsawa gaba da sauri. Da idonsa ya saba da wani salo, sai ya nemi wanda ya fi shi wuyar karɓa. Ya sayi Cézanne da Vincent van Gogh, sannan ya koma kan Gauguin, wanda ya mutu cikin talauci a tsibiran Marquesas a 1903. Zanukan Gauguin 16 ya jera su a bangon ɗakin cin abincinsa, gefe na taɓa gefe, har baƙi suka riƙa kwatanta bangon da jerin hotunan waliyyai da ke gaban cocin Orthodox.

Gidan da ake maganarsa tsohuwar fadar gidan Trubetskoy ce a tsakiyar Mosko, ba nisa da Kremlin, wadda mahaifinsa ya saya ya ba shi. Ɗakunanta na da ado irin na da, da fitilun lu'ulu'u da kujeru masu ruwan zinare. A cikin wannan tsohon ado ne aka rataye zanen da ya fi kowane sabunta a Turai.

Shekarun makoki

Shekarar 1905 ta zo wa Rasha da tarzoma da yajin aiki. Yayin da sauran 'yan kasuwa suka firgita, Shchukin ya saye yadin da ke kasuwa da araha, da ƙura ta lafa farashi ya tashi ya ci riba mai yawa. Amma a ƙarshen wannan shekarar ɗansa Sergei, mai shekara 17, ya ɓace. Sai da ƙanƙara ta narke a 1906 aka tsinci gawarsa a kogin Mosko.

A watan Janairun 1907 matarsa Lydia ta rasu bayan gajeruwar jinya. A farkon 1908 ƙanensa Ivan, wanda bashi ya yi wa katutu a Paris, ya hallaka kansa. A 1910 wani ɗan nasa, Grigory, shi ma ya bi wannan hanya. Cikin shekara biyar ke nan ya rasa mata da 'ya'ya biyu da ƙane.

Bayan rasuwar matarsa ya tafi Masar, ya bi ayarin raƙuma cikin hamadar Sinai zuwa tsohon gidan ibadar Kirista na Saint Catherine, yana neman abin da zai kwantar masa da hankali. A shekarar ce kuma ya rubuta wasiyya cewa bayan ransa a miƙa tarin zanensa ga gidan Tretyakov, wato ga birnin Mosko.

Masu nazarin rayuwarsa sun lura cewa sayayyarsa mafi ƙarfin hali ta zo ne a waɗannan shekaru na baƙin ciki. Daga 1908 zuwa 1914 ne ya sayi mafi yawan zanukan Matisse da duk na Picasso da ya mallaka.

Haɗuwarsa da Matisse

Lokacin da suka haɗu a 1906, Matisse yana da shekara 36 kuma bai daɗe da fita daga halin hannu baka hannu ƙwarya ba. Shekaru kaɗan kafin nan shagon hulunan matarsa Amélie ne ke ɗauke da gidan. A baje kolin kaka na Paris na 1905 wani mai sharhi, Louis Vauxcelles, ya kira shi da abokansa namun daji saboda yadda suke zuba launuka masu ƙarfi ba tare da bin kamannin abu na zahiri ba. Sunan ya bi su.

Masu sayen aikinsa a lokacin ba su da yawa. Na gaba-gaba su ne iyalan Stein, Amurkawa mazauna Paris, waɗanda suka riga Shchukin gane darajarsa. Sai dai aljihunsu bai kai nasa zurfi ba, kuma gidajensu ba su da bangon da zai ɗauki manyan ayyuka. Shchukin ya ga wani babban zanen Matisse a wani baje koli, ya nemi dillali Ambroise Vollard ya haɗa su.

Akwai abin da ya haɗa jininsu. Matisse ya tashi ne a Bohain, garin masaƙa a arewacin Faransa, kuma duk rayuwarsa yana tara ƙyallaye da dardumai yana sa su cikin zanensa. Mutum biyu ne da suka koyi launi a jikin tufa.

A 1908 Shchukin ya sayi wani babban zane na ɗakin cin abinci wanda shuɗi ya mamaye, an ɗauko adonsa daga wani yadi da Matisse ke ji da shi. Kafin a aika da shi Mosko, Matisse ya sake duba aikin, bai gamsu ba, ya shafe shuɗin ya mayar da shi ja. Mai saye ya biya kuɗin shuɗi aka kawo masa ja, ya karɓa ya rataye. Wannan zane, da aka fi sani da Jan Ɗaki, yana cikin fitattun ayyukan Matisse a yau.

A 1909 ya ba shi aikin manyan zanuka biyu don matattakalar benen gidansa, Rawa da Kiɗa, a kan faran 15,000 da faran 12,000. Wannan aiki na cikin abin da ya ba Matisse halin barin tsakiyar Paris ya kama gida mai lambu a Issy-les-Moulineaux, ya gina ɗakin aiki mai faɗin da zai ɗauki irin waɗannan zanuka.

Kwana biyu a jirgin ƙasa

Da aka nuna zanukan biyu a baje kolin kaka na 1910, masu sharhi suka yi musu ca. An kira su aikin mahaukaci, an yi musu zanen barkwanci a jaridu. Shchukin yana Paris a lokacin, ya ji da kunnensa, gabansa ya faɗi.

Yana da wani dalilin kuma. Mutanen da ke jikin zanukan ba su da sutura, shi kuwa ya ɗauki riƙon 'yan mata ƙanana a gidansa, kuma ya san abin da mutanen Mosko za su ce. Sai ya janye daga cinikin. Dillalai suka yi maza suka nuna masa wani babban zane na Puvis de Chavannes, wanda ya riga ya mutu kuma kowa ke girmamawa, ya amince zai ɗauka a madadinsu. Abin ya yi wa Matisse ciwo ƙwarai, musamman da yake bai daɗe da rasa mahaifinsa ba.

A hanyar komawa Mosko, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa, Shchukin ya yi ta juya maganar a ransa, ya ji kunyar yadda ya bar surutun jama'a ya rinjaye shi. Ya aika wa Matisse saƙon tangarahu cewa a turo zanukan. A wasiƙar da ta biyo baya bai ɓoye cewa har lokacin bai gama son su ba, ya dai nuna fatan wata rana zai so su, kuma ya ɗora amanarsa a kan mai zanen. A watan Disamban 1910 suka iso Mosko. Ya sa an shafa ɗan fenti an rufe tsiraicin mai busa sarewa a zanen Kiɗa, sannan ya rataye su inda duk mai shiga gidan zai gan su.

A kakar 1911 Matisse ya zo Mosko a matsayin baƙonsa. Ya sake tsara yadda aka rataye ayyukansa a babban falon gidan, ya kuma zagaya coci-coci yana kallon tsofaffin hotunan waliyyai, waɗanda suka burge shi matuƙa. A 1912 da 1913 ya yi zama biyu a birnin Tanja na Maroko, yana zana mutanen garin da ƙofofinsa da lambunansa. Da yawa daga waɗannan ayyuka Mosko suka nufa, wajen Shchukin da wani attajirin masaƙa, Ivan Morozov. Cikin waɗanda Shchukin ya saya akwai zanen wani gidan shan gahawa inda maza ke zaune a ƙasa cikin natsuwa, biyu daga cikinsu na kallon kifaye a kwalba.

Ɗakin Picasso

Matisse ne ya kai shi wurin Picasso a 1908, duk da cewa su biyun abokan gasa ne. Picasso ɗan Sifaniya ne mai shekara 26, yana zaune a wani ruɓaɓɓen ginin katako a unguwar Montmartre da ake kira Bateau-Lavoir. A lokacin ya fara salon da daga baya aka sa wa suna Kubizim, inda ake wargaza siffar mutum ko ta tulu zuwa kusurwoyi da fale-fale, a nuna ta daga ɓangarori da dama a lokaci guda.

Shchukin bai so wannan salo ba da farko. Labarin da ya riƙa bai wa baƙinsa shi ne cewa zanen farko da ya saya irin wannan ya rataye shi ne a wani lungu mai duhu da yake bi kullum zuwa ɗakin cin abinci. Ya yi makonni yana wucewa yana satar kallonsa cikin ƙyama, har ranar da ya tarar cewa sauran zanukan gidan sun fara yi masa lami idan ya kwatanta su da shi.

Daga nan ya zama babban mai sayen Picasso, yawanci ta hannun dillali Daniel-Henry Kahnweiler. Ya sayi ayyukan shekarunsa na farko, lokacin da yake zana mabarata da masu shan giya cikin shuɗin launi, ya kuma sayi manyan ayyukan 1908 irin su Mata Uku. Kafin 1914 babu wani gida a duniya da ke da tarin Picasso kamar nasa, a daidai lokacin da gidajen tarihin gwamnatin Faransa ba su ko kallon wannan salo.

A ɗakin da ya keɓe wa Picasso ya ajiye wasu sassaƙe-sassaƙen katako na Afirka kusa da zanukan. Ya fahimci alaƙar da ke tsakaninsu. A 1907 Picasso ya ziyarci gidan tarihin Trocadéro a Paris inda aka tara kayan da aka kwaso daga ƙasashen da Turawa suka mamaye, kuma yadda masassaƙan Afirka ke sarrafa fuska da jiki ya yi tasiri a kan aikinsa. Masu kwaso irin waɗannan kaya a wancan zamani ba su damu da rubuta sunayen masassaƙan ba, don haka tarihin zanen zamani ya adana sunan wanda ya koya, ya bar na waɗanda aka koya a wurinsu.

Ƙofa a buɗe ranar Lahadi

Morozov yana da tari mai daraja kwatankwacin na Shchukin, amma ƙofarsa a rufe take sai ga abokai. Shchukin kuwa daga 1908 ya buɗe gidansa ga jama'a a ranakun Lahadi. Shi da kansa yake zagayawa da baƙi ɗaki-ɗaki, yana bayani cikin i'inarsa. Wasu na zuwa ne don su yi dariya, ya sani, bai kuma hana su shiga ba.

Waɗanda suka fi amfana su ne ɗaliban zane, yaran da ba su da kuɗin zuwa Paris. A gidan Shchukin suna ganin aikin da aka gama a Montmartre watanni kaɗan da suka wuce. Malamansu a makarantar zane ta Mosko sun yi ta ƙorafin cewa gidan na lalata musu ɗalibai.

Cikin masu zuwa akwai Kazimir Malevich da Vladimir Tatlin da Mikhail Larionov da Natalia Goncharova da Lyubov Popova. Waɗannan ne suka kafa sabon salon zane na Rasha da ya girgiza Turai. A 1915 Malevich ya nuna zanensa na baƙin murabba'i a kan farin fili, wanda ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin mafarin zanen da ba ya kwaikwayon kamannin komai. Hanyar da ta kai shi can ta bi ta ɗakin Picasso na gidan Shchukin.

Juyin juya hali da gudun hijira

Yaƙin duniya na ɗaya da ya ɓarke a 1914 ya yanke hanya tsakanin Mosko da Paris, sayayyar ta tsaya cak. A wannan tsakanin Shchukin ya sake aure, ya auri Nadezhda, malamar kiɗan piyano, suka haifi 'ya mace, Irina, a 1915.

A 1917 'yan Bolshevik suka karɓi mulki. Dukiyar 'yan kasuwa irinsa ta zama abin ƙwacewa, rayukansu ma ba su tsira ba. A watan Agustan 1918 ya sulale ya bar Rasha, ya bi ta Jamus, daga baya ya zauna a Faransa. Kafin ƙarshen shekarar Lenin ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da gidan da duk abin da ke cikinsa mallakar ƙasa. Ba a biya shi ko kwabo ba.

Gidan ya zama gidan tarihi na farko na sabon zanen Yamma, na Morozov ya zama na biyu. Babbar 'yarsa Ekaterina ta zauna na ɗan lokaci tana kula da zanukan kafin ita ma ta fita. A shekarun 1920 aka haɗe tarin biyu, aka kwashe na Shchukin zuwa tsohon gidan Morozov.

A Paris bai talauce ba, domin ya ajiye kuɗi a waje tun kafin juyin. Amma ƙarfin sayayya irin ta da ya ƙare. Ya ɗan sayi ayyukan wasu masu zane kamar Raoul Dufy, ya kuma ja jiki daga Matisse da Picasso, waɗanda farashinsu ya riga ya yi tashin gwauron zabo. Wani ɗan kasuwar Mosko da shi ma ya yi hijira, Pavel Buryshkin, ya rubuta cewa da aka tambaye shi ko zai kai ƙara don a dawo masa da kayansa, ya amsa cewa don ƙasarsa da mutanenta ya tara su, kuma can ya kamata su zauna. Duk da haka a 1926 ya sake wasiyya, ya soke ta 1907, ya bar wa iyalinsa abin da ya mallaka. Ya rasu a Paris ranar 10 ga Janairun 1936 yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Montmartre.

Yadda aka binne sunan

Abin da ya sami zanukan bayan mutuwarsa ya fi ƙwacen muni. Gwamnatin Stalin ta tsayar da salo guda da ta yarda da shi, wanda ke nuna ma'aikata da manoma da shugabanni cikin kamanni na zahiri. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka kwashe zanukan zuwa gabashin ƙasar don tsaro, da aka dawo da su kuma ba a sake buɗe gidan tarihin ba. A watan Maris na 1948 Stalin ya sa hannu a kan umarnin rushe shi, bisa zargin cewa matattara ce ta ruɓaɓɓiyar al'adar 'yan jari hujja.

Aka raba kayan tsakanin gidan tarihi na Pushkin a Mosko da Hermitage a Leningrad, sunan St Petersburg a lokacin. Shugaban Hermitage, Joseph Orbeli, da matarsa Antonina Izergina, masaniyar zanen Faransa, sun karɓi ayyukan da aka fi jin tsoron ajiyewa, ciki har da Rawa da Kiɗa da mafi yawan na Picasso. Wannan ne dalilin da ya sa tarin da aka gina a Mosko mafi ƙarfinsa yake St Petersburg a yau.

Bayan mutuwar Stalin a 1953 aka fara fito da su sannu a hankali, kuma a 1956 aka yi babban baje kolin Picasso a Mosko da Leningrad. Zanukan sun dawo bango, amma sunan wanda ya tara su bai dawo tare da su ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin gurguzu ba ta da sha'awar yaba wa ɗan jari hujjan da ya gudu. A Yamma ma tarihin zane ya fi mayar da hankali ga masu zanen da dillalan Paris da iyalan Stein, waɗanda suka bar littattafai da labarai game da kansu. Tsohon gidan nasa kuwa ya koma hannun ma'aikatar tsaro.

Shari'a da dawowar suna

Iyalinsa ba su yi shiru ba. A 1954, da Tarayyar Sobiyet ta ba da aron wasu zanukan Picasso don nunawa a Paris, Irina ta garzaya kotu, jami'an Sobiyet suka yi maza suka kwashe zanukan zuwa ofishin jakadancinsu. An sake gwadawa a Paris a 1993, a Roma a 2000, da Los Angeles a 2003. Babu ƙarar da ta dawo wa iyalin da zane ko ɗaya.

A hankali masu bincike suka tono labarinsa. Beverly Whitney Kean ta wallafa littafi a kan attajiran Mosko masu tara zane a 1983, daga baya masaniyar tarihi 'yar Rasha Natalia Semenova ta rubuta tarihin rayuwarsa. Jikansa André-Marc Delocque-Fourcaud, wanda ya shigar da wasu daga cikin ƙararrakin, ya koma neman a sake haɗa tarin wuri guda ko da na ɗan lokaci ne, kuma a ƙarƙashin sunan kakansa.

Hakan ta samu a watan Oktoban 2016, lokacin da gidauniyar Louis Vuitton a Paris ta nuna kusan 130 daga cikin zanukan, aro daga Pushkin da Hermitage. Kafin a rufe baje kolin a watan Maris na 2017 mutum sama da miliyan 1.2 sun shiga kallo. A 2019 gidan Pushkin ya yi nasa a Mosko, birnin da ya yi wa wasiyyar farko shekara 112 kafin nan.

Har yau zanukan mallakar gwamnatin Rasha ne, kuma a rabe suke tsakanin birane biyu. A Hermitage, ɗakunan da Rawa da Kiɗa da Jan Ɗaki suke yanzu suna ɗauke da sunan Sergei Shchukin da 'yan'uwan Morozov.